Shimfiɗar Fuska: Tarihin Murmushinmu Da Abin Da Yake Rufewa



A watan Oktoba na 2003 mujallar New Scientist ta Ingila ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashe fiye da 65, inda aka ce babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan mutanen da suka ce suna cikin farin ciki. Mekziko ce ta zo ta biyu. Gidajen rediyo suka ɗauka, muka yi ta alfahari. Shekara 21 bayan haka, rahoton farin ciki na duniya na 2024 ya ajiye mu a mataki na 102 cikin ƙasashe 143. Finlan, wadda mutanenta suka yi suna wajen shiru-shiru da rashin sakin fuska ga baƙo, ita ce ta ɗaya. Wani zai ce ai rayuwa ce ta taɓarɓare, kuma ya yi gaskiya. Amma akwai bambanci a tambayar ma. Masu binciken farko sun tambayi mutum ko yana cikin farin ciki. Na biyu sun ce ya ɗauki rayuwarsa kamar tsani mai hawa daga sifili zuwa 10, ya faɗi matakin da yake tsaye. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san tambayar farko gaisuwa ce, amsarta kuwa a shirye take tun kafin a rufe baki: lafiya lau, alhamdu lillahi.

Wannan ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin fuskarmu, mu mutanen Magajin Gari da sauran ƙasar Birnin Gwari. A 'yan shekarun nan ana yawan ɗaukar mu hoto, ana kuma yanke hukunci a kan halin da muke ciki da abin da aka gani a hoton.

Abin da harshenmu ya rarrabe

Murmushi daban, yaƙe daban, fara'a daban, farin ciki daban. Murmushi motsin leɓe ne. Yaƙe buɗe haƙora ne alhali zuciya ba ta yarda ba, irin na wanda aka kunyata a bainar jama'a ko wanda mai bin bashi ya ritsa a majalisa. Fara'a hali ce, ana auna ta da yadda mutum ke karɓar jama'a, shi ya sa ake cewa wane yana da fara'a kamar yadda ake cewa yana da kunya ko amana. Farin ciki kuwa sunansa ya faɗi mazauninsa. Kakanninmu sun ajiye daɗi da ɓacin rai a cikin ciki, fari da baƙi, inda ido ba ya kaiwa, sannan suka ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Fuska kuma suka mai da ita shimfiɗa, suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Tabarma kuwa baƙo ake shimfiɗa wa. Ke nan tun daga tushe, sakin fuska haƙƙin wanda ke gabanka ne, ko ka ci ka ƙoshi ko ka kwana da yunwa.

A 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene, tsohon jami'in mulkin Turawa da ya koma malamin jami'a, a kan ma'anar mutumin kirki a wurin Bahaushe. Ya lissafa halaye 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ku duba da kyau, farin ciki ba ya ciki. Aƙalla uku daga cikinsu, haƙuri da kunya da ladabi, aikinsu shi ne riƙe fuska kada ta tona ciki.

Wani zai kawo karin maganar da ta ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ba ta ci karo da na baya ba, domin fuska ta fi baki faɗi. A 1862 wani likitan Faransa mai suna Duchenne ya buga sakamakon gwajin da ya yi da wutar lantarki a kan fuskokin mutane, ya nuna cewa tsokar da ke ɗaga gefen baki tana bin umarnin mai ita, amma wadda ke kewaye da ido ba ta cika motsi ba sai daɗin ya zo daga ciki. Tsofaffinmu mata ba su karanta shi ba, amma idan ɗiyarsu ta zo ganin gida tana dariya, idonta suke kallo.

Garin hanya

Birnin Gwari gari ne na hanya tun fil azal. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro da masu fitowa daga ƙasar Nufe suna ratsa wannan yanki zuwa Zariya da Kano. Baturen nan Hugh Clapperton ya bi ta nan a 1826, a tafiyarsa ta biyu, kan hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato. A irin wannan gari Bagwari da Bakamuke da Bahaushe da Bafulatani da Banufe suna haɗuwa a zango ɗaya, sau da yawa ba mai jin harshen wani sosai. Mai masauki yana son madugu ya dawo gidansa baɗi, dillali yana son a ba shi amanar kaya. Kafin a sami tafinta, fuska ce ke fara ciniki.

A 2015 wasu masana, cikinsu har da Magdalena Rychlowska da Paula Niedenthal, suka buga binciken da ya shafi ƙasashe 32. Sun gano cewa ƙasashen da suka daɗe suna tara baƙi daga wurare masu yawa, irin su Amurka da Kanada da Birazil, sun fi yarda a bayyana abin da ake ji a fuska, kuma sun fi ɗaukar murmushi a matsayin hanyar ƙulla zumunci. Ƙasashe suka auna, amma hujjarsu ta zauna daram a kan garin zango. Inda harshe ya gaza, fara'a jari ce.

Hanyar da ke kawo ciniki ita ke kawo mahara. A ƙarshen ƙarni na 19 Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya addabi ƙasashen Gwari da Kamuku da yammacin Zazzau da harin bayi, har Turawa suka ci Kwantagora a 1901. A Giwa, maƙwabciyarmu, Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta tarihin rayuwarta, aka buga shi a 1954. A ciki Baba ta ba da labarin mahara da 'yan uwanta da aka kama, da yadda dangi suka tara kuɗin wuri suka fanso su. Wanda ya karanta wannan a yau zai ji kamar labarin bara ake ba shi. A littafin nan ne kuma ta yi bayanin kunyar ɗan fari, yadda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ɗan da aka fi ɗokin zuwansa shi aka fi ɓoye wa fara'a. Baƙon da bai san al'ada ba zai ce ba ta son sa.

Malamai da fada

Musulunci ya zo ya ba fara'a lada, ya kuma sa mata iyaka. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Zarri cewa murmushi ga ɗan uwa sadaka ne. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa ba ta taɓa ganin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙyalƙyala dariya har a hango cikin bakinsa ba, murmushi yake yi. An kuma ruwaito gargaɗi cewa yawan dariya yana kashe zuciya. A Suratun Namli an ambaci murmushin Annabi Sulaimana da ya ji maganar tururuwa. Daga nan almajiri ya koyi ma'auni: ka saki fuska, kada ka saki baki. Yawancin kalmominmu na wannan fage ma daga Larabci suka shigo, irin su fara'a da nishaɗi da annashuwa da raha da annuri. Idan muka ce fuskar malam tana da annuri, haske da natsuwa muke nufi, ko da bai buɗe haƙori ba.

Fada kuma ta koyar da wani darasin. Sarki yana rufe baki da amawali. Idan ka faɗi gaisuwa, fadawa ne ke amsawa su ce Sarki ya gaishe ka. Idan zai gyara zama ko rawani, dogarai su baza riguna su kāre shi. Mulki a wurinmu yana tafiya da kwarjini, kwarjini kuwa ba ya son fuska mai saurin karantuwa. Haka ya sauko har cikin gida: mai gida mai dariya da abokansa a dandali, da ya taka zaure sai ya haɗe rai, wai kada yara su raina shi. Talaka kuma ya koyi nasa rabon, wato ya durƙusa da fara'a ko da hukuncin bai yi masa daɗi ba, ya ce godiya yake. Saboda haka murmushi ɗaya yana da ma'ana biyu gwargwadon inda ya fito. Daga sama zuwa ƙasa alfarma ne. Daga ƙasa zuwa sama, sau da yawa, kariyar kai ne.

Maƙwabtanmu Fulani sun kai abin ƙarshe a shaɗi. Saurayi yana tsaye ana zabga masa sanda, yana riƙe da madubi yana duba fuskarsa, yana murmushi, don jama'a su shaida zafi bai karya shi ba. Babu mai kallon wannan murmushi ya ce daɗi yake ji. Kowa ya san jarunta ake nunawa.

Inda aka buɗe wa dariya ƙofa

Al'ummar da ta ɗaure fuska haka ba ta hana dariya ba, wuri ta yanka mata. Jika da kaka, taubashi da taubashiya, matar wa da ƙanen miji, duk an halatta musu tsokana. Haka tsakanin garuruwa da ƙabilu: Kanawa da Zage-zagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari. A watan Cika-ciki ake bin kuɗin shara. A fada akwai wawan sarki, wanda shi kaɗai ke iya faɗin abin da hakimi ba zai iya ba. A kasuwa akwai 'yan kama da 'yan gambara, a watan azumi akwai tashe. Yawancin wasannin ƙabilu ana danganta su da tsohon yaƙi ko tsohuwar gaba da aka mayar raha, don kada jikoki su ɗauki fansar kakanni. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki abin da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancinta cikin kayan gadon ɗan Adam a 2014. Wannan dabara ce ta sulhu da kakanninmu suka ƙirƙiro, kuma sun san tana aiki ne bayan an daina zubar da jini, an kuma daidaita a kan wane ne ya yi wa wane.

Haƙora da kyamara

Ko haƙorin da ake nunawa yana da tarihi. Iyayenmu mata suna goga furen taba su haɗa da goro, haƙora su yi ja, wannan shi ne ado. Wushirya abin yabo ce. Alhazai da hajiyoyi suna dawowa da haƙorin Makka, murmushi ɗaya ya isa ya sanar da unguwa an sauke farali. A Nijar kuwa samarin Wodaɓe a bikin Gerewol suna gwale ido su bayyana fararen haƙora, domin a wurinsu farin ido da na haƙori su ne kyan namiji.

Ku ɗauko tsofaffin hotunan gidanku. Kakanni suna zaune ƙyam, hannu a gwiwa, fuska a ɗaure, domin hoto abu ne da zai wuce mai shi, ba a son jikoki su gan ka kana yaƙe. Turawa ma haka nasu hotunan na farko suke. Bayan kamfanin Kodak ya fito da kyamarar hannu a 1888, da mai rahusa a 1900, tallace-tallacensa suka cika da mutane masu dariya, sannu a hankali aka mai da murmushi sharaɗin hoto a Amurka, daga can ya bazu. Mu ya iso mana ta fina-finan Indiya, da na Kano tun daga Turmin Danya a 1990, sannan wayar hannu da Facebook suka ƙarasa aikin. Amaryar da a dā ake kai ta tana kuka a lulluɓe, wadda in ta yi dariya za a ce ba ta da kunya, yau mai hoto ne ke ba ta umarnin ta yi murmushi. A cikin zamani biyu ma'anar ta juye, zuciyar amarya kuwa tana nan yadda take, da ɗoki da fargaba a haɗe.

Kada mu ɗauka duniya duka ta yarda da wannan sabon salo. Da McDonald's ya buɗe shagonsa na farko a Mosko a 1990, sai da aka koya wa ma'aikata yi wa mai saye murmushi, domin a Rasha murmushi ga wanda ba ka sani ba abin zargi ne. A 2016 Kuba Krys da abokan aikinsa suka nuna wa mutane a al'ummu 44 hotunan fuskoki. A Jamus an ɗauki mai murmushi a matsayin wanda ya fi basira, a Japan da Indiya da Iran da Rasha kuwa an ɗauke shi akasin haka. Sun kuma gano cewa inda cin hanci ya yi yawa, yarda da mai murmushi tana raguwa. Mu da muka ce haƙorin dariya shi ke cizo ba mu buƙaci a fassara mana wannan ba.

Shekarun daji

Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun ƙasa a 1999, da na Kuyambana, sun zama maɓoyar 'yan bindiga. Hanyar Kaduna, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka, ta koma hanyar da ake yin sallama da iyali kafin a hau. A watan Mayu na 2018 aka kashe mutum fiye da 40 a Gwaska rana ɗaya. A watan Maris na 2021 aka shiga makarantar firamare ta Rama aka tafi da malamai 3. A wannan shekarar gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana hawa babur, aka kuma katse layukan waya. Manoma suka riƙa biyan haraji ga masu bindiga kafin su yi shuka, su sake biya kafin su girbe.

A waɗannan shekaru duk tsofaffin darussan nan sun yi aiki. Manomin da ya kai kuɗin gona ya saki fuska ga wanda ya karɓa, ya yi masa ranka ya daɗe, don ya koma gida da ransa. Wannan murmushin talaka ne a gaban mai iko. Wanda aka je wa ta'aziyya aka ce ya haƙuri, ya ce da godiya, ya tashi ya kawo wa baƙi ruwa. Wannan na mai shaɗi ne. Gidajen cikin gari da suka karɓi 'yan uwa daga ƙauyuka, ɗaki ɗaya mutum goma, suka raba tuwon da bai isa ba ba tare da an ga alama a fuskar uwar gida ba, wannan shimfiɗar fuska ce ta asali, kuma ita ta riƙe mu. Duk wanda ya kira fara'armu munafunci bai ga abin da ta ɗauka ba. Fela ya saki faifansa Shuffering and Shmiling a 1978, yana sukar yadda 'yan Najeriya ke shan wuya suna murmushi. Yana da hujja, domin mai mulki yana jin daɗin talakan da ba ya ɓata fuska. Sai dai daga Legas ba a ganin cewa wani lokaci murmushin nan shi ne abu na ƙarshe da mutum ya mallaka wanda ba a ƙwace ba.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka karɓi waɗanda suka ce sun ajiye makamai, aka sake buɗe kara bayan shekaru tana rufe. Hotuna suka zagaya duniya, kowa yana dariya. Murnar gaskiya ce, domin wanda ya ga motocin shanu suna lodi bayan dogon shiru dole ya ji sanyi. Amma tun a 1979 wasu masana biyu na Jami'ar Cornell, Kraut da Johnston, suka lura da masu wasan mirgina ƙwallo, suka ga ba su cika murmushi lokacin da suka ci ba, sai sun juyo sun haɗa ido da abokansu. Murmushi saƙo ne zuwa ga wanda ke kallo. Idan gwamna da kyamara suna gabanka, ɗan Birnin Gwari mai tarbiyya zai saki fuska. Hoton ba zai faɗi wadda har yau ba ta san inda mijinta yake ba, ko wanda ya sayar da gonar gado ya biya fansa, ko yaron da ke firgita cikin dare in ya ji ƙarar babur.

Ma'aunin da ya dace da mu

Idan ana son sanin ko muna cikin daɗi, a duba abin da muke roƙo bayan sallah: lafiya, zaman lafiya, rufin asiri, kwanciyar hankali, cikawa da imani. Waɗannan kuwa ana iya ƙirga su. Gonaki nawa aka noma a nesa da gari ba tare da an biya kowa ba? Ƙauyuka nawa suka koma suka kwana a ɗakunansu? Makarantu nawa aka buɗe, malamai suna zuwa? Mota tana tashi zuwa Kaduna ko Funtuwa da yamma? Wakilanmu da 'yan jarida da ƙungiyoyin agaji su riƙa kawo mana waɗannan amsoshi, su bar kafa hujja da haƙoranmu.

Mu ma akwai namu aikin. Gaisuwar Bahaushe ba a banza ta yi tsawo ba. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya jama'a, duk amsarsu ɗaya ce, amma dattijo yana sauraron muryar da ke ba da amsar. Sai baƙo ya sha ruwa ya huta, sannan a matso a ce, to, yaya ake ciki? A nan labari ke fitowa. Gaisuwar waya da ta saƙon rubutu ta yanke wannan tambaya ta biyu, ta bar mu da hoton fuska mai dariya. Mu dawo da ita, musamman ga zawarawan da rikicin nan ya bari, da waɗanda suka dawo daga daji, da samarin da aka koya wa cewa namiji ba ya kuka. Wanda ya daina barci, ko ya daina cin abinci, ko ya ƙaurace wa mutane, a haɗa masa addu'a da asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, kuma zuwa can ba hauka ba ne, kamar yadda zuwa wurin maɗori ba abin kunya ba ne.

Wanda ke da dattijo a gida da ya san zaman Tsohuwar Birnin Gwari, ya tambaye shi su wane ne abokan wasanmu na asali, da yadda ake bin kuɗin shara a zamaninsu, ya kawo mana mu ƙaru. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya bayyana waɗanda ba a gani ba, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.